Wankan Teku a Pangani

Litinin, 13 ga Afrilu, da hantsi

Ruwa tun asuba. Rufin ɗakin girki ya soma yoyo daidai inda Baban Zuena ya ce zai gyara idan ya dawo. Na tura roba na tara.

Yaya Mwajabu ta zo da lemarta da surutunta. Yayar mijina ce, ita ta goye shi, don haka tun ranar da aka sa ni a ɗakin nan ta naɗa kanta shugabar takabata. Ita ta juya madubi ya kalli bango, ita ta kwashe turarena da 'yan kunnena ta kulle a akwatinta. Yau ta zauna bakin gado ta ce ranar Asabar ta farkon Mayu zan fita. Ta ce kamar yadda aka yi wa uwarsu da kakarsu, za a kai ni Pangani in shiga teku in yi wanka, a bar baƙin zanen a can, in dawo gida da sabo.

Na ce, "Yaya, a cikin wannan ruwan? Wa ke zuwa Pangani da damina? Masu otal ma sun rufe sun tafi ganin iyayensu."

Ta ce, "To da rawa za mu je yi? Teku ai ba shi da ƙofa."

Da za ta fita ta tsaya ta dubi takalman mijina. Na fata ne, na zuwa Juma'a, suna nan bakin ƙofa inda ya cire su. Ta ce, "Allah ya jiƙan ƙanena." Ta jira. Na ce mata ta kula da dakali, akwai santsi.

Talata, bayan azahar

Daga gado zuwa taga, daga taga zuwa gado. Ƙafafuna sun gaji da ni, ni ma na gaji da su.

Alhamis, 16 ga wata, da safe

Zuena, 'yata, ita ta kawo mini littafin nan tun kafin azumi, wai in riƙa rubutu maimakon zagaye ɗaki kamar akuya a turke. Sai makon nan na buɗe shi. To ga rubutu.

Abin da na sani da kaina shi ne, a ƙarshen Disamba Baban Zuena ya loda lemu da kwakwa a mota zuwa Pangani, kamar yadda yake yi tun Zuena tana rarrafe, daga can a zuba su a jirgin ruwa na katako zuwa tsibirin Unguja. Ya cire takalman fatar ya sa silifas ɗinsa shuɗi, wanda maɗaurin na hagu ya tsinke ya ɗaure da waya, wai ruwan gishiri yana cin fata. Ya ce kada in bari kaji su shiga cikin barkonona. Ya fita yana sakace haƙori.

Abin da aka gaya mini kuma daban. Wani Faki, ma'aikacin jirgin, ya zo da dattawa biyu suka zauna a baranda. Wai jirgin ya kife da dare, shi Fakin ya kwana rungume da jarka har masunta suka tsince shi. Wai ya ga nutsewar mijina da idonsa. A cikin duhu, ga iska, mutum yana ta haɗiyar ruwan gishiri, me zai gani? Washegari aka yi salla a masallaci, liman a tsaye, babu komai a gabansa sai tabarma. Ban ga makara ba, ban ga likkafani ba, babu wurin da zan nuna da yatsa in ce nan ne. Aka dai ɗaura mini baƙin zane aka ja ƙofa.

Azumi ya same ni a ɗakin nan, Salla ma ta same ni. Kowa ya shigo da addu'a iri ɗaya a bakinsa, kowa yana jiran kalma ɗaya daga nawa. Har yau ban ba kowa ita ba.

Alhamis ɗin dai, da la'asar

Na kira lambar Baban Zuena. Matar nan ta cikin waya ta ce ba a samunsa a yanzu, in sake gwadawa an jima. Duk garin Muheza ita kaɗai ke magana da hankali.

Asabar, 18 ga wata, da hantsi

Kiango ya zo maganar mota. Maƙwabcinmu ne, shi ke da tsohuwar motar nan mai tari da ke kwasar lemu daga gonaki. Tun da ba zai ga fuskata ba, ya tsaya bayan taga, Yaya ta tsaya a ƙofa tana kai saƙo tana kawowa, alhali ina jin har numfashinsa.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a zagaya ta Tanga, ko a yanke ta hanyar ƙasa da ta ratsa gonaki.

Yaya ta juyo, "Ya ce hanya biyu ce."

Na ce, "Na ji, Yaya. Takaba nake, ban kurumce ba."

Kiango ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ya ce, "Maman Zuena, ta ƙasa ta fi kusa. Idan sama ta yi mana kara, da hantsi mun isa. Idan ba ta yi ba, ku taho da tabarmar kwana." Sharaɗinsa ɗaya, a juyo da wuri. Akwai wani kwari a hanyar da ke cika idan aka yi ruwan yamma, bara ya kwana a can shi da lemu, sauro suka kusa ɗauke shi.

Yaya ta ce wanka ne ba biki ba, muna isa za a tsoma ni a fito da ni, mu ci abinci mu juyo kafin azahar ta yi nisa. Haka ta ce, a tsoma ni. Sai ka ce zane a marina.

Ni 'yar kan dutse ce, a Amani aka haife ni. Tekun da na sani shi ne wanda na hango daga tagar mota a Tanga. Shekara nawa Baban Zuena yana cewa zai kai ni Pangani in taka ruwan da ƙafata idan kakar lemu ta wuce, kakar lemu kuwa ba ta taɓa wucewa a gidan nan ba.

Lahadi

Ruwa. Na juye robar ɗakin girki har na daina kula.

Talata, 21 ga wata, da yamma

Zuena ta zo daga Tanga da ƙaton cikinta, ƙafafu sun kumbura. Na yi mata faɗa a kan hawa mota a haka, ta ce idan ba ta zo ba wa zan yi wa faɗan.

Ta kawo magana a ɗarare. Wai mijinta ya ce wankan teku ba ya cikin addini, idan kwanaki sun cika mace ta yi wanka a bayan gidanta ya wadatar. Yaya tana tankaɗe gari, ta ajiye rariyar.

"Mijin naki nawa yake?"

"Gwaggo, karatu ya yi."

"Ya yi karatunsa. Ni ban ce farilla ba ce. Uwata ta shiga ruwan nan, na riƙe mata zane. Ni na shiga da mijina ya tafi. Idan Allah ya sa shi ma ya riga ki, kika shiga takaba, sai ki yi naki a bokiti."

Zuena ta ce, "Haba Gwaggo, wace irin addu'a ce wannan?" Suka yi dariya su biyu. Na so in taya su, bakina ya ƙi.

Can Zuena take cewa ita ba wankan ne ya dame ta ba, ƙazantar wurin ce. Ta je bara da damina. Ta ce lokacin baƙi ma'aikatan otal suna share bakin ruwan kullum da safe, tas, amma da zarar an rufe babu mai taɓa tsintsiya. Duk abin da teku ya amayo yana nan jibge wata da watanni, ciyawa da robobi da ɓawon kwakwa da takalma.

Na ce, "Takalma?"

Ta ce, "Silifas, Mama. Ba su da iyaka."

Ta ci gaba da maganar kayan jariri. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Laraba, da asuba bayan salla

Zan je Pangani. Ban ce zan shiga ruwa ba.

Zan bi bakin ruwan nan in duba. Idan ban ga shuɗin silifas mai waya ba, to yana ƙafar mai shi, mai shi kuma yana wani wuri, a tsibirin Pemba ko a wani asibiti, ya manta sunansa. Ana yin haka. Matar mai shagon kusa da tasha ta ce an taɓa yi wa wani ɗan garinsu. Na san yadda maganar nan za ta yi a kunnen mutane, shi ya sa a nan na rubuta ta ban faɗa wa kowa ba.

Idan na shiga ruwan nan na tuɓe zanen nan, na sa hannu ke nan a kan maganar Faki. Ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba.

Juma'a, 24 ga wata, bayan an sauko masallaci

Mun yi da Yaya yau.

Na fito alwala na tarar ta sa takalman a leda. Wai ladan ba shi da na kirki, ƙafarsu ɗaya, sadaka ce za ta isa inda ake so ta isa. Na fizge ledar har ta yage.

Na ce, "Wa ya ba ki?"

Ta ce, "Mwantumu, fata ce, damina za ta cinye su. Duba, har sun soma furfura."

Na ce ko za su zama gari a nan za su zauna. Na ce mata gidan nan nawa ne, ta kwashe turarena na yi shiru, ta juya madubina na yi shiru, amma idan ta sake taɓa takalman nan za ta san 'yar kan dutse ta aura wa ƙanenta. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba.

Ba ta rama ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ɗauki lemarta, ta ce gobe za ta aiko da kwakwa. Na zauna a dakali na goge furfurar da gefen baƙin zanena, na mai da su yadda suke, na hagu ya ɗan karkace.

Asabar

Ta aiko da kwakwar. Ita ba ta zo ba. Ɗakin ya yi mini faɗi.

Litinin, 27 ga wata, da hantsi



Na kira kamar kullum. Ina jiran matar nan ta yi maganarta, sai na ji tana shiga. Wayar tana shiga. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba, gwiwata ta bugi gado. Aka ɗauka. Na ce, "Baban Zuena." Na faɗa sau biyu.

Namiji ne, amma muryar ba ita ba ce. Ga hayaniyar kasuwa a bayansa. Ya ce, "Mama, wa kike nema?" Na faɗi sunan. Ya ce shi bai san shi ba, shi a Dodoma yake yana sayar da tumatir, makon jiya ya sayi layin sabo a shago. Ya ce idan layi ya daɗe ba a amfani da shi sai a sayar wa wani. Mutumin kirki ne. Ya ce, "Yi haƙuri, Mama, ko kin yi kuskuren lamba ne?" Na ce e, kuskure ne.

Ko matar cikin wayar ma sun ƙwace mini.

Talata

Ban ci ba. Ban kira ba. Na share ɗaki, na sake sharewa.

Laraba, 29 ga wata, da la'asar

Yaya ta dawo kamar ba a yi komai ba, da Zuena a bayanta da kaya niƙi-niƙi. Sabon zane ja da fari, kwalli, lalle, turaren wuta, da furannin da za a sa mini a gashi. Ta shimfiɗa su a gado tana ta yaba kanta.

Sai rigimar abinci. Yaya ta ce shinkafa da ruwan kwakwa da kaza. Zuena ta ce wa ke kai kaza bakin teku, a can za a sayi kifi ɗanye a soya. Yaya ta ce da damina masunta ba sa fita sosai, kifin zai yi tsada, kuma ita ba za ta je garin ubanta a cuce ta ba. Garin ubanta. Tana 'yar shekara bakwai aka taho da ita Muheza, tun daga nan a cikin lemu take, amma kullum sai ta ce, "Mu 'yan bakin ruwa." An tsaya a kan kaza, da soyayyen rogo, da shayi mai citta a flas biyu saboda Kiango shi kaɗai yana shanye ɗaya.

An tsara komai. Tabarma, leda saboda ruwa, ƙwaryar da za a zuba mini ruwa a ka, tawul, maganin gwiwar Yaya. Na ce Zuena ta zauna a gida, ta ce ko a hanya za ta haihu sai ta je.

Da Yaya za ta wuce ta ƙofa ta tattare zanenta don kada ya shafi takalman. Na gani. Na ƙara mata sukari a shayi.

Juma'a, 1 ga Mayu, bayan magariba

Sama ta ɗan yaye, wata ya fito cikakke a kan bishiyar mangwaro. Idan Baban Zuena ya ga wata haka yakan tsaya a tsakar gida ya ce gobe ruwa babba ne, ya yi ta bayani, ni kuwa ina kwashe tuwo ina cewa to, to. Ban taɓa tambayarsa me hakan ke nufi ba.

Gobe. Na ninke tawul na warware, na sake ninkewa.

Asabar, 2 ga Mayu, wajen azahar, a Pangani, ƙarƙashin wata rumfar da ta rushe rabi

Babu teku.

Wallahi babu shi. Mun taso tun duhu, mun kafe a taɓo sau biyu, Kiango ya zama kamar wanda aka tono, mun iso, mun sauka da ƙwarya da tawul, sai ga fili. Yashi, da laka, da duwatsu masu kaifi, da ciyawa kwance, har iya ganin ido. Can nesa wani farin layi siriri, wai shi ne ruwan. Jiragen masunta suna kwance a gefensu a kan ƙasa.

Yaya ta tsaya da baki buɗe. Zuena ta ce, "Gwaggo, ina tekun garin ubanki?" Yaya ta ce da ta zo nata wankan a nan yake, nan daidai, har gindin bishiyoyin kwakwar nan.

Wata mata ta fito daga lakar da bokitin ƙaguwa a ka, ta dube mu da tukwanenmu, ta ce, "Daga Muheza?" Ko tambayar dalili ba ta yi ba, ta ga baƙin zanen. Ta ce idan wata ya cika haka ruwan yake yi, ya janye da hantsi, sai la'asar ya dawo. Ta ce kada mu bi shi, duwatsun suna yanka ƙafa, kuma idan ya juyo ya fi tsohuwa sauri. Yaya ta ce wa take kira tsohuwa. Matar ta ce wadda ta amsa.

Mun tsara kaza, mun tsara ƙwarya, babu wanda ya tuna ya tambayi ruwan ko yana gida. Wanda zai gaya mana shi ne babu.

Kiango yana ta kallon sama, hadari yana haɗuwa ta kudu. Ya ce idan muka kai la'asar a kwari za mu kwana. Yaya ta ce to a ɗebo ruwan kogi a yi da shi, ai duk ɗaya ne, a cikin tekun yake zuba. Ita da bakinta.

Ni haushi nake ji. Teku ya ɗauke mini mutum, na zo har ƙofarsa, ya gudu. Ba inda za ni. Na ce da su mai son tafiya ya tafi.

Ga tulin sharar da Zuena ta faɗa, ya yi layi tun daga nan har inda ido ya ƙare. Na ajiye alƙalami.

Lahadi, 3 ga Mayu, da hantsi, a gida

Jikina duk ciwo. Bari in rubuta tun ban soma gyara maganar ba.

Na bar su suna cin kaza na bi layin sharar. Otal-otal duk a rufe, kujeru a kife, karnuka kwance a baranda. Babu kowa sai ni. Na sami wani kara ina tona ciyawar, wari kamar me.

Ban yi nisa ba na ga shuɗi. Na ɗauka, na yaro ne. Na yi gaba, ga wani, na dama ne. Ga wani, na hagu, babba, an ɗaure shi da waya. Na zauna a kan ciyawar da shi a hannu ina juya shi. Wayarsa ja ce ko baƙa? Na rantse na sani, kullum ina ganinta a bakin ƙofa, amma na nema a kaina na rasa. Ina zaune na hango wani kusa da ƙafata, shuɗi, na hagu, da waya. Gaba kaɗan ga na uku, shi da ƙusa aka maƙale shi.

Na ci gaba da tsinta kamar mahaukaciya, ina zubawa a gefen zanena har ya cika ya yi nauyi. Duk mazan bakin ruwan nan shuɗin silifas suke sawa, duk kuma da waya suke gyarawa. Na zube su a yashi na jera. Ko nasa yana ciki, ko ba ya ciki, babu wanda zai gaya mini, kuma ko na kwana ina tonawa haka ne. Na zo neman amsa a wurin da ba ya ba da ita. Sai na tuna kowane ɗaya a cikinsu daga wata ƙofa ya fito, wata ta ga fitarsa.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Sanyi na ji a yatsun ƙafata. Na duba, ruwa ne. Ya zo shiru, siriri, ya lashi ƙafata ya koma, ya sake zuwa. Na ɗaga kai, filin nan duk ya tafi, jiragen da ke kwance sun tashi suna rawa. Ya soma ɗaga silifas ɗin da na jera, ɗaya bayan ɗaya, yana juya su. Ban hana shi ba.

Sai na ji nishi a bayana. Yaya ce, ta biyo ni duk nisan nan da gwiwoyinta, ƙwarya a hannu, sabon zane a kafaɗa, Zuena tana riƙe da ita, ko kuwa ita ke riƙe da Zuena. Ta dubi takalman da ke yawo a ruwa, ta dube ni. Na jira faɗa.

Ta ce, "Na hagu ne mai wayar, ko?"

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Ni na ba shi wayar. Daga jikin lemata na cire." Ta share hanci da bayan hannu. "Tun da muka sauka nake kallon ƙasa, Mwantumu. Kin zaci ke kaɗai ce?"

Tun ranar da Faki ya zo ban ga hawayen matar nan ba, sai ba da umarni. Ta tsaya a cikin ruwa har idon sawu tana kuka kamar yarinya, tana cewa a nan ta goye shi, a nan ya ci yashi uwarsu ta dake ta. Ta ce ita ma ba ta ga komai ba, ita ma ba a nuna mata kabari ba, amma idan ita ta zauna jira wa zai riƙe ni.

Ba ta ce in shiga ba. Ni na kama hannunta muka yi gaba, har gwiwa, har ƙugu. Ruwan da ɗumi, ban zaci haka ba. Zuena ta tsaya a baki ta ware sabon zanen ta kare mu, ko da yake babu mai kallo sai karnuka. Yaya ta cika ƙwarya ta zuba mini a ka, gishiri ya shiga idona da bakina. Ta sake. Ta yi ta uku.

Ta ce, "Allah ya jiƙan Mhina. Allah ya sa ruwan nan ya zame masa shimfiɗa."

Na ce amin.

Na faɗa da ƙarfi, har Zuena ta ji daga inda take ta sa fuska a cikin zanen. Na kwance baƙin na sake shi. Ya ɗan tsaya kusa da ni, sannan ya tafi.

Ruwan sama ya kama mu a hanya kamar yadda Kiango ya faɗa. Kwarin ya cika, muka zauna a mota har ya sauka, muka cinye sauran rogon, Yaya tana ta gardama wai da ma ta san da maganar janyewar ruwan, mantawa ta yi. Kiango ya dube ni ido da ido karo na farko tun Disamba, ya ce, "Maman Zuena, kin rame." Na ce shi ma bai ƙara kyau ba.

Litinin, 4 ga Mayu, da safe

Mijina Mhina ya rasu a teku a ƙarshen Disamba. Na rubuta, ga shi nan.

Na juyo da madubi. Matar da ke ciki ta yi furfura a gefen kunne, har yanzu akwai yashi a gashinta.

Na goge takalman da mai, na sa su a sabuwar leda, na aika wa Yaya ta kai wa ladan da hannunta. Wurin da suka zauna ya bar alama a siminti, ban share ba tukuna.

An soma yayyafi. Robar ɗakin girki ta kusa cika. Na leƙa ta katanga na ce wa Kiango idan ya shiga kasuwa ya turo mini mai gyaran rufi.